Litinin da Alhamis

Lahadi, 18 ga Agusta, bayan la'asar

Nas ɗin asibiti ce ta ce in sayi littafi in riƙa rubuta ruwan da na sha kullum da nauyina. Na saya. Ruwa kofi biyu. Nauyi kilo saba'in da ɗaya, a sikelin kasuwa da muke auna buhu.

Shinkafa shanshera ta ƙara naira dubu a buhu yau. Ban sayar ba. A sito akwai buhu ɗari huɗu da goma sha biyu. Na sake ƙirgawa bayan kasuwa ta watse, ko da yake ba wanda ya taɓa su tun girbin rani.

Da silifas na fita, takalmin ya ƙi shiga. Na naɗa hirami a wuya don kada a ga robar da suka sa mini. Mutum uku sun tambaye ni ko mura nake yi. Na ce e.

Gobe Kano.

Litinin, 19 ga Agusta, bayan magariba

Mota ta tashi daga tashar Hadejia ƙarfe shida, mun shiga Kano goma saura. A nan gari ma akwai injin wankin jinin, amma sunana yana can ƙasan layi, shi ya sa sai asibitin kuɗi. Awa huɗu a kwance. Jinin yana fita ta wannan roba, ya zaga cikin injin, ya dawo ta waccan. Ba zafi. Sanyi ne kawai da ciwon baya.

Usaini ƙanena ya so ya raka ni, na ce kujera biyu a mota ɓarna ce.

Na lissafa a hanyar dawowa. Kuɗin zama, allurar ƙarin jini, magani, mota. Duk zuwa ɗaya daidai yake da buhu biyu. Abin da ke banki zai kai ni ƙarshen Satumba idan sau ɗaya nake zuwa a mako. Idan sau biyu ne, sai an buɗe sito tun yanzu, kuma yanzu ba lokacin sayarwa ba ne.

Likita ya ce Litinin da Alhamis. A gida na ce musu Litinin ya ce.

Laraba, 21 ga Agusta, da hantsi

Ruwa kofi biyu da rabi. Ummussalma matata ta ware mini wani kofi mai zanen ja a jiki, da shi take auna mini. Ta daina sa gishiri da dunƙule a miyar gidan gaba ɗaya, wai don kada in ji ƙamshin tasu in ji ba daɗi. Yara suna ci ba sa cewa komai. Na ce mata ta riƙa raba tukunya, ta ce itace ya yi tsada. Maganata ce ta mayar mini, ita ma ta sani.

Alhamis, 22 ga Agusta, da azahar

Ban je ba.

Asabar, 24 ga Agusta, bayan la'asar

Kogi ya cika. An ce ruwan ya hau gonakin Auyo, wasu sun yanki shinkafarsu ɗanya a cikin kwalekwale. Unguwa ta fita gyaran jinga, ana cika buhuna da ƙasa ana jerawa a bakin ruwa. Usaini ya zo neman buhunan da ba komai a ciki. Na ba shi tsofaffi sittin, na riƙe sababbin. Ya ɗaga ɗaya ya leƙa ni ta cikin hujin, ya ɗaure su ya ɗora a babur.

Idan gonaki suka tafi, shanshera za ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Na rubuta wannan ne don gaskiya ne, ba don na ji daɗi ba. Ban san ko na ji daɗi ba.

Litinin, 26 ga Agusta, bayan magariba

Kilo saba'in da huɗu kafin a ɗora ni a kan injin. Nas ta dubi sikeli ta dube ni, ta tambaya ina nake ranar Alhamis. Na ce hanya ce ba kyau. Ta ce wanda ya fi ni nisa ya zo.

Da shi take, mai gadon da ke kusa da nawa. Sunansa Fannami, tsohon masunci ne daga wajen Kirikasamma, Hausarsa da ɗan karin Barebari. Sai ya shiga kwalekwale ya fito titi, ya hau mota zuwa Hadejia, sannan Kano. Ɗansa ne yake kawo shi. Ya ce shanu tara yake da su da abin ya fara, yanzu saura huɗu. Ya ce wannan watan jar saniya muke sha, watan gobe kuma mai karyayyen ƙaho. Yana faɗa yana dariya, nas ma ta yi dariya.

Duk tsawon zaman da wani ɗan littafin izu ɗaya a hannunsa, yana bi da yatsa, leɓensa yana motsi. Yana yawan tsayawa.

Ni na rufe ido ina ta ninka buhu biyu sau mako hamsin da biyu.

Laraba, 28 ga Agusta, da hantsi

Alhaji Sunusi mai injin casa a Kano ya kira. Yana son duka, zai turo mota har ƙofar sito, ya ɗora dubu biyu a kan farashin kasuwa. Na ce ya bari tukuna. Ya ce, Alhaji, ka fa san sitonka a gangare yake. Na ce na sani.

Kowa Alhaji yake ce mini a harkar nan. Ban taɓa zuwa ba. Sau uku ina haɗa kuɗin kujera, sau uku kaka tana zuwa da arha in juya su in sayi kaya, in ce baɗi.

Alhamis, 29 ga Agusta, da azahar

Ban je ba. Ruwa kofi uku. Na ukun a ɓoye na sha, a famfon masallaci.

Juma'a, 30 ga Agusta, bayan sallar Juma'a

A zaune na yi salla. Wani tsoho da ya girme ni da shekara ashirin ya matsa mini jikin bango.

Ban san me ya tuno mini da Baba ba yau. Shekarar da ruwa ya cinye gonarmu ina da goma sha uku. Ya ɗauke ni muka zo gari wurin wani mai hatsi. Muka tsaya a ƙofar sitonsa tun hantsi har aka kira azahar, a kan tiya biyar ta gero. Mutumin yana ciki yana cin goro, yana ganinmu. Daga baya ya aiko a ce mu dawo gobe. A hanyar komawa Baba ya riƙa tsayawa yana gyara igiyar takalminsa, alhali ba abin da ya same ta.

Tun ranar na ce ni dai a ciki zan kasance, ba a ƙofa ba. Na kasance ɗin. Bayan wannan ban tuna na taɓa ƙudurta wani abu ba.

Lahadi, 1 ga Satumba, bayan la'asar

Ta ƙara dubu uku. Ban sayar ba. Ɗari huɗu da goma sha biyu.

Na dawo gida na tarar da katin asibitina a kan faifan da aka rufe mini abinci. A aljihun babbar riga na bar shi. Shamsiyya ce ta yi wanki, babbar 'yata. A jikin katin an rubuta ranakun zuwa da jan biro, guda biyu, kuma ita ta iya karatu fiye da kowa a gidan nan.

Ta kawo mini ruwan wanke hannu, ta durƙusa ta ce sannu da dawowa, Baba. Na ce yauwa. Ta tsaya kaɗan. Na fara cin abinci, ta fita.

Litinin, 2 ga Satumba, bayan magariba

Saba'in da biyar da rabi. Sun cire abin da za su iya, suka ce sauran ba zai fita a zama ɗaya ba. Likita ya zo da kansa ya yi magana mai tsawo. Na riƙa cewa to.

Da ya tafi Fannami ya ajiye littafinsa a ƙirji ya juyo. Ya ba ni labari ba tare da na tambaya ba. Ya ce shi bai yi karatu yana yaro ba, a ruwa ya tashi. Sai da ya haura sittin ya ji kunya ta ishe shi, ya je wurin limamin ƙauyensu ya zauna cikin yara. Yanzu izu arba'in da tara ya yi, saura goma sha ɗaya. Kansa ya yi tauri, izu ɗaya yana cin masa kusan wata. Ya ce ya zauna da 'ya'yansa ya gaya musu shanun nasa ne, shi ya tara su, kuma sauka zai saya da su. In sun kai shi, alhamdu lillahi. In ba su kai ba, a hanya aka same shi.

Sannan ya ce, "Kai fa, Alhaji, me kake saya da naka kwanakin?"

Na ce ina da iyali. Ya ce kowa yana da iyali. Ya koma kan littafinsa.

Laraba, 4 ga Satumba, da asuba

A zaune na kwana, da matashi uku a baya. In na miƙe sai numfashi ya ƙi. Ummussalma ta ce gobe za ta raka ni Kano. Na ce gobe ba rana ba ce. Ta ce Shamsiyya ta karanta mata katin. Na ce likitoci haka suke rubutawa don a yi ta kai musu kuɗi. Ta ɗauki buta ta fita.

Alhamis, 5 ga Satumba

Ban je ba.

Asabar, 7 ga Satumba, da hantsi

Ruwa ya fara tsattsafowa ta bayan sito. Zan je in ga ko a ɗaga layin ƙasa a kan katako. Ƙafa ta yi nauyi. Bakina kamar na tsotsi ƙarfe.

Laraba, 11 ga Satumba, da rana, a asibiti

Shamsiyya ce ta kawo mini littafin. A kwance nake, rubutun ba zai yi kyau ba.

An ce a cikin sito aka same ni, tsakanin layi na biyu da na uku. Masu gyaran jinga ne suka ga ƙofa a buɗe da silifas ɗaya a waje. Usaini ya yi shatar mota. An ce a hanya sau biyu ya sa direba ya tsaya. Ban tambayi dalili ba.

An ɗora ni sau uku a kwana huɗu. Ban tambayi nawa aka kashe ba, amma saƙon banki yana nan a waya, na gani.

Alhamis, 12 ga Satumba, bayan la'asar, a asibiti

Yau Alhamis, kuma an yi. Fannami yana gadonsa. Ya ɗaga mini hannu ya ce ashe na san hanya.

Bayan an dawo da ni ɗaki Ummussalma ta aiki Shamsiyya sayen ruwan zafi, ta ja kujera ta zauna kusa da kaina. Ba ta ɗaga murya ba. Zan rubuta yadda ta faɗa, gwargwadon abin da na riƙe.

"Baban Shamsiyya, shekara ashirin da huɗu ban taɓa tambayarka abin da ke sito ba. Yau zan tambaya. Na wane ne?"

Na ce nasu ne, ita da yara.

"To in nawa ne na yafe, ba na so. Ba zan zauna takaba ina dafa shinkafar da na san da me aka tara ta ba. Kuma kai ko sunan ciwon ba ka iya faɗa, sai ka ce abin nan, sai ka ce Kano. Ciwon ƙoda ne. Ga shi na faɗa."

Na ce idan aka taɓa kayan yanzu, shekara biyu sun ƙare, daga nan kuma fa? Ta ce ita ba ta san daga nan ba. Ta ce ranar Asabar da aka shigo da ni a kan gadon turawa ba wanda ya yi mata maganar shekara biyu, maganar zuwa magariba ake yi.

Ta ƙara da cewa ba ta taɓa jin yunwa a gidana ba, wannan ta shaida har gaban Allah. Amma kuma ba ta tuna ranar da aka yi wani abu a gidan don kawai ana so ba. Komai sai kaka, in kaka ta zo sai farashi ya tashi, in ya tashi sai a sake saye.

Shamsiyya ta dawo da fulas.

Asabar, 14 ga Satumba, bayan magariba, a gida

An sallame ni. Sittin da takwas. Takalmin ya shiga.

Daga Ringim zuwa nan ruwa ne dama da hagu, kan shinkafa kawai ake gani a wasu wuraren, a wasu ba a ganin komai. Mutane sun kafa rumfunan leda a gefen titi da awakinsu.

Usaini ya ce layin ƙasa ya jiƙe ta bango, buhu goma sha ɗaya. Ya fitar da su ya shanya ba tare da ya jira ni ba. Ya ce jinga tana riƙe, amma ƙasan sito yana gumi, ko dai a kwashe ko a sayar. Ya ce, Yaya, ni ba zan ce maka komai ba, kayanka ne. Ya faɗi haka sau biyu.

Lahadi, 15 ga Satumba, da hantsi

Ban je kasuwa ba. An kira ni an ce ta ƙara dubu huɗu, kuma masu lissafi suna cewa zuwa Nuwamba sai abin da Allah ya yi.

Na buɗe sabon shafi na rubuta a sama: Abin da nake so. Na zauna kusan awa ɗaya. Abin da ya fara zuwa hannuna shi ne shanshera ta kai dubu tamanin. Na rubuta, na duba, na soke.

Shafin yana nan.

Litinin, 16 ga Satumba, bayan magariba

Na je, da Usaini. Na tambayi likita maganar aikin Hajji. Ya ce a yadda nake yanzu ba zai ba ni shawara ba, sai dai a ga abin da gaba za ta yi. Ya faɗa a hankali, irin yadda nake gaya wa manomi kayansa sun sha ruwa.

Wannan ke nan. Sau uku kujerar tana hannuna.

Fannami ya kai rabin izu na hamsin. Ruwa ya raba ƙauyensu da titi sosai, tafiyar kwalekwale ta koma awa biyu. Jiya a tashar Hadejia suka kwana shi da ɗansa don kada su rasa motar safe.

Talata, 17 ga Satumba, bayan azahar

Na zauna a tsakar gida, abin da ban saba ba. Ban san haka gidan yake da rana ba. Ɗakin yara har yanzu ba silin, kwanon yana zuba zafi. Na tuna na sayi katakon shekara shida da suka wuce, sannan na mayar da shi sito aka ɗora buhu a kai.

Wata maƙwabciya ta shigo da jaririnta yana ta kuka, kai tsaye wurin Shamsiyya ta nufa, ba wurin uwarta ba. Shamsiyya ta karɓe shi ta duba cibiya, ta taɓa wuyansa, ta yi wa matar tambayoyi, ta ce kada ta sake sa masa toka, ta kai shi asibiti yau ba gobe ba. Matar ta ce to, ta tafi. Na tambayi Ummussalma tun yaushe ake haka. Ta ce an fi shekara biyu, duk layin nan ita suke kawo wa.

Sau biyu tana cin jarrabawar makarantar ungozoma. Sau biyu na ce ta bari kaka. Ban taɓa tambayar inda takardun suke ba.

Na koma shafin nan na rubuta abu biyu, silin da makaranta. Na uku ya zo da kansa: ina so in je in ga inda gonar Baba take idan ruwa ya janye. Shekara talatin rabona da wurin, kuma tafiyar awa ɗaya ce.

Laraba, 18 ga Satumba, da hantsi

Na kira Alhaji Sunusi. Na ce ya turo mota. Ya yi zaton wasa nake, ya ce ko in bar rabi zuwa Nuwamba, shi ba zai ji haushi ba. Na ce ɗari huɗu zai ɗauka, sauran na gida ne.

Na kashe wayar. Na zauna a bakin gado har Ummussalma ta leƙo ta tambaya ko jikin ne. Na ce a'a.

Alhamis, 19 ga Satumba, bayan magariba

Na je.

Asabar, 21 ga Satumba, bayan la'asar

Mota biyu. An fara lodi ƙarfe takwas, an gama bayan azahar. Na zauna a kan benci ina ba da tsinke duk buhun da ya fita, kamar yadda nake yi wa wasu. Masu dako suna ta waƙarsu. Da motar ƙarshe ta juya kwana na ji kamar an cire mini haƙori, harshe yana ta komawa wurin.

Kuɗin sun shigo kafin la'asar. Na raba su uku a takarda: Litinin da Alhamis, makaranta, gida. Kason farko ya fi sauran biyun a haɗe. Na daɗe ina kallonsa. Ban taɓa kashe wa kaina abin da ya kai kuɗin buhu ɗaya a zama guda ba sai bana.

Lahadi, 22 ga Satumba, bayan magariba

Ta ƙara dubu biyu da ɗari biyar. Sau ɗari huɗu, miliyan ɗaya cif, a kwana ɗaya. Ba wanda ya sa ni lissafawa. Na lissafa sau biyu. Abincin rana bai shiga ba.

Da yamma na kira Shamsiyya na ce ta kawo takardunta, ana rufe karɓa ƙarshen wata. Ta ce ta fasa, wa zai riƙa duba ni, wa zai riƙa karanta magunguna. Na ce uwarta tana nan, Usaini yana nan, ni ma ban makance ba. Ta riƙa murza bakin mayafinta. Sannan ta ce tana da tambaya, in ba zan yi fushi ba.

"Baba, da lafiyarka ƙalau, da ka ce in je?"

Na so in ce e. Na duba na ga ta riga ta san amsar.

Na ce, "A'a. Da na ce ki bari kaka."

Ta gyaɗa kai. Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana jan akwati daga ƙarƙashin gado. Takardun suna cikin leda biyu, ta goge su da gefen zaninta kafin ta miƙo mini. Ba ta yi godiya ba, ni ma ban jira ba.

Litinin, 23 ga Satumba, bayan magariba

Na yi magana da wani direba, shata duk Litinin da Alhamis, ya ɗauke ni a ƙofar gida. Ya fi motar tasha tsada da kusan rabi. Akwai kujera biyu a baya ba kowa, na ce wa ɗan Fannami su riƙa kwana a zaurena su bi mu. Tsohon ya ce zai biya rabonsa na mai. Na ce motar da shi da babu shi tafiya za ta yi. Ya ce to shi ke nan, mai karyayyen ƙaho ta samu ƙarin kwana.

A hanya ya roƙe ni in riƙa duba masa littafin yana karantawa da ka. Na gyara masa wuri biyu. A wuri na uku shi ya gyara ni.

Alhamis, 26 ga Satumba, bayan magariba

Na je. Sittin da takwas da rabi. Ruwa kofi biyu.

Likita ya ce za a yi mini ɗan aiki a hannu don a cire robar wuya, tunda abin na dogon lokaci ne. Na tambaya dogo kamar yaya. Ya ce wannan ba a hannunsa yake ba, amma wanda yake zuwa a kan lokaci ya fi wanda ba ya zuwa. Na ce a sa rana.

Kafinta ya fara silin ɗin ɗakin yara. Ya ce katako ya ninka kuɗinsa sau uku tun wancan lokacin. Na ce na sani.

Asabar, 28 ga Satumba, bayan la'asar

Tun da aka kwashe kaya ban leƙa sito ba, mukullin yana wurin Usaini. Jiya ya ce mini a tsaitsaye ya sa wasu mutane a ciki, dangin matarsa daga wajen Baturiya da ruwa ya tasa, gida huɗu, kafin su ga yadda za a yi. Bai tambaye ni ba, gaya mini ya yi. Na buɗe baki zan yi maganar haya, sai na ga yana kallona, na rufe.

Yau na taka a hankali na je. Daga nesa na ga hayaƙi a ƙofar. Sun raba cikin da zannuwa da buhunan da na hana a kai jinga, kowane gida da kusurwarsa. An share ƙasan, an zuba yashi a inda yake gumi. Ashe simintin ja ne, na manta. Wata tsohuwa tana kwance a inda layi na uku yake, ana yi mata fifita. Wani mutum yana ɗinkin komar kamun kifi a jikin taga.

Na tsaya a bakin ƙofa ban shiga ba. Wata mata ta fito da kwano cike da wanki a ka, ba ta san ni ba. Ta gaishe ni, ta ce, Malam, wa kake nema? Na ce ba kowa, wucewa nake.

Ta ce to in ɗan matsa mata, nan take shanya.

Na matsa.